Yadda za ka tsame gubar ƙarfe daga ruwan dattin shagonka da ɓawon gyaɗa, ɓuntun shinkafa da ganyen shayi

Assalamu alaikum jama'a. Wannan bayanin na yi shi ne musamman don masu gyaran batir da masu rini da maƙera da 'yan garaji, da duk wanda sana'arsa ke fitar da ruwan da yake sheƙawa cikin kanibo, wato lambatu, a nan Yamai, sai kuma 'yan uwanmu masu garka da ke ban ruwa da abin da kanibon ya kawo musu. Akwai ƙarafa masu guba da ke narkewa cikin ruwa, ido ba ya ganinsu hanci ba ya jinsu, kuma ana iya rage su sosai da abubuwan da kullum muke kwasa muna kaiwa bola, wato ɓawon gyaɗa, ɓuntun shinkafa, ɓawon lemu, totuwar masara, har da ganyen shayin da aka gama sha a fada. Ba aikin injin miliyoyi ba ne, amma yana da ƙa'ida, in ka tsallake ƙa'idar wallahi wahala kawai ka sha gubar na nan inda take.

Babbar cikinsu a wajenmu ita ce dalma. Fiye da kashi uku cikin huɗu na dalmar da duniya ke amfani da ita a batir take tafiya, ga shi mu nan saboda yawan yankewar kuran, wato wutar lantarki, kowane gida da ya samu hali sai ya sa pano mai aiki da hasken rana da batir, ban da na motoci da babura, kuma duk ƙarshensu hannun mai gyara ko mai fasawa suke komawa. Je ka tsaya wajen mai gyaran batir ka gani, zai kifa batir ɗin ruwan ya zuba ƙasa, wurin ya yi ta tsuwa yana kumfa, in ya bushe ya bar fari-fari kamar an barbaɗa gari, yara su bi ta kai ba takalmi, ruwan sama ya zo ya kwashe ya kai Gunti Yena, ƙoramar da ta ratsa Yamai, daga nan sai kogi. Bayan dalma akwai kadmiyom da ke cikin wasu ƙananan batura masu caji da wasu fenti, akwai kurom na wasu magungunan rini da jima irin ta zamani, akwai tagulla, sai zaiba ta masu zinariya. Wanda ke ganin abin wasa ne ya tuna Zamfara a 2010, inda gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyuka irin su Bagega da Dareta, saboda dutsen zinariyar da ake dakawa cikin gidaje yana ɗauke da dalma. Waɗanda suka rayu ma da yawa ƙwaƙwalwarsu ta taɓu, don dalma haka take yi wa yaro, ta dakushe masa kai ta yadda zai je lakwal ya kasa riƙe karatu, kuma ba a gyara wannan daga baya. Hukumar lafiya ta duniya ta sa iyakar dalma a ruwan sha a miligiram 0.01 cikin lita guda, kadmiyom 0.003, kurom 0.05, kuma ta ce babu wani adadin dalma a jikin mutum da za a ce ba shi da illa.

Tafasa ruwa ba ta fitar da ƙarfe, hasali ma ruwan ne ke ƙonewa gubar ta ƙara kauri. Ruwan jabel ƙwayoyin cuta yake kashewa, ba ruwansa da dalma. Shi ya sa ni abin da nake ta nanata wa mutane shi ne a tare gubar tun a bakin shago lokacin da take cikin bokiti ɗaya ko biyu, don in ta riga ta shiga kanibo ta haɗu da ruwan wanka da na wanki na unguwa guda babu ɓawon gyaɗar da zai ishe ka.

To ya aka yi ɓawo ke kama ƙarfe? Jikin tsiro an gina shi da wasu zaruruwa da sinadarai, irin abin da ke sa kara ya yi ƙarfi, da abin da ke sa farin cikin ɓawon lemu ya yi yauƙi in an dafa, da abin da ke sa shayi da bagaruwa su yi bauri. Dukkansu suna da wasu gurabe masu cajin lantarki wanda ya saɓa wa na ƙarfen da ya narke a ruwa, don haka da zarar sun haɗu sai ƙarfen ya liƙe musu kamar yadda ƙarangiya ke liƙe wa wando in ka ratsa daji. Wani lokacin ma musaya ake yi, ɓawon ya saki sinadarin da ba ya cutarwa ya karɓi dalma a gurbinsa. Daga nan abu biyu za ka gane da kanka. Na farko duk yadda ka niƙa ɓawon ya yi laushi haka guraben ke ƙara yawa. Na biyu guraben suna cika, in sun cika sun cika, ko ka bar shi wata guda ba zai ƙara kama komai ba, galibi giram ɗaya na ɓawo 'yan miligiram ne zuwa gommai yake iya ɗauka, ya danganta da irin ɓawon da irin ƙarfen.

Wajen zaɓe kar ka wahalar da kanka, abin da ke kusa da kai kuma kake samu kyauta ko da araha shi ne naka. In kana wajen Saga ko Kirkisoy ko hanyar Kollo inda ake noman shinkafa, ɓuntu na nan jibge a bakin injin casa, yana da ƙwari ba ya saurin ruɓewa don kusan kashi ɗaya cikin biyar nasa sinadarin yashi ne, shi ya sa ya fi dacewa da matatar da ruwa zai daɗe yana bi ta ciki. Ɓawon gyaɗa wajen masu ƙuli-ƙuli da masu ɓarza. Ɓawon lemu da na ayaba wajen masu tebur, su suna kama dalma da tagulla da kyau amma suna saurin ruɓewa kuma suna rina ruwa, sai dai aikin yini guda. Ganyen shayi kuwa ni ina sonsa ƙwarai, don kafin ya zo hannunka an riga an tafasa shi sau uku, na farko da na biyu da na uku, rabin wankin an yi maka, ka ajiye tsohon gwangwani a fada biyu ko uku ka ce Malam don Allah in an gama a riƙa juye mini ganyen nan, cikin 'yan kwanaki ka tara abin kirki. Mutanen Tawa da Galmi ga ɓawon albasa nan iska na ta kwasa a kasuwa, shi ma yana yi. Garin katako na kafintoci yana yi, amma banda na katakon da aka yi wa fenti ko aka sa wa maganin gara, wannan shi kansa yana iya zuwa da tasa gubar. Ƙwallon goriba da na aduwa da na dabino kuwa ka ajiye su gefe, gawayi za a yi da su, zan zo kai.

Shiri yana farawa da wanki, kuma nan ne mutane ke ragwanci. Ka zuba ɓawon a baho ka cika da ruwa ka cuɗa da hannu, ruwan farko zai fito baƙi-baƙi da ƙasa, ka zubar, na biyu ya fito ja-ja kamar ruwan shayi, ka zubar, ka ci gaba har sai ruwan ya fito garau. In ɓawon lemu ne ko albasa ko shayi gara ka tafasa shi kamar minti 20 zuwa 30 tukuna, don sukari da kala su fita, in ba haka ba su ne za su narke cikin ruwan da kake son tacewa, su sa shi wari, har su riƙe ƙarfen cikin ruwa su hana shi liƙewa. Sai ka baza a kan buhu ko kwanon rufi a rana, kar a ƙasa, kwana biyu ko uku a zafin Yamai ya isa, alamarsa in ka matse a hannu ya yi ƙaras ya karye. Ka daka a turmi, amma turmi daban wanda ba na abinci ba don kar a saba haɗa kayan aikin nan da na girki, sannan ka tankaɗe. In aikin bokiti za ka yi, mai laushi kamar tsakin hatsi ko ƙasa da haka, kimanin milimita ɗaya. In matata ce za ka gina ka bar shi da ɗan girma, don gari zalla yana toshe hanya ruwa ya ƙi wucewa. Ka zuba a leda ko bido mai murfi ka ɗaure kar ya sha raɓa.

Mai son ƙarin ƙarfi sai ya jiƙa shi da soda, irin wadda masu sabulu da masu rini ke saye. Giram 4 cikin lita ɗaya ta ruwa ya isa, kar ka ce bari in ƙara don ya fi aiki, yawanta yana narkar da ɓawon ne ya zama kunu. Ruwa ake fara zubawa sannan a sa soda a hankali, ba a yin akasin haka, kuma da safar hannu ta roba da wani abu a ido. Ka bar ɓawon ciki awa biyu zuwa huɗu, ka tsame ka yi ta ɗauraya har santsin ya fita gaba ɗaya, ka sake shanyawa. Sodar tana wanke maiƙon da ya rufe bayan ɓawon ta buɗe guraben da suke a toshe, ɓuntun shinkafa musamman yana canzawa sosai da wannan.

Gawayi kuma shi ne wanda nake ba masu aikin kullum shawara, don ba ya ruɓewa, ba ya wari, kuma yana shanye kalar rini. Ka samu ƙaramin tano ko babban gwangwanin ƙarfe mai murfi, wanda ba a taɓa zuba maganin ƙwari ba, ka huda 'yan ƙananan ramuka a murfin, ka cika shi da busasshen ƙwallon goriba da aka farfasa ko totuwar masara ko ɓawon gyaɗa, ka rufe ka kafa shi cikin wuta. Abin da ake so ya gasu ba tare da iska ta shiga ba, zafin tsakanin digiri 300 zuwa 700, in iska ta shiga toka za ka kwasa. Ka sa ido kan hayaƙin da ke fita ta ramukan. Da farko fari ne mai kauri, ruwa ne ke fita, can sai ya koma ɗorawa-ɗorawa mai yaji a ido, har wani lokacin ya kama da wuta a bakin ramin, in ka ga ya sirance ya kusa ɓacewa to ya nuna. Ka sauke ka toshe ramukan da laka ka bar shi ya huce har safe, kar ka buɗe da zafi, yana shan iska zai kama ci. Mai kyau in ka karya shi baƙi ne wuluk har ciki kuma ba nauyi. Ka farfasa shi ka wanke ƙurar. Kar a je a sari itace saboda wannan don Allah, dajin namu ya ishe shi da abin da ke kansa, da sharar gona ake yi.

Yanzu ruwan kansa, wanda a ganina nan ne rabin aikin yake kuma nan ne ake yawan faɗuwa. Ba a ɗaukar ruwa yadda ya fito a zuba masa ɓawo. Ka fara tara shi a tano ko bido na roba ya kwana, laka ta kwanta, in akwai baƙin mai a sama kamar na garaji ka yaɗe shi da tsumma ko soso, don mai yana shafe ɓawon ya rufe guraben gaba ɗaya. Sannan ka duba tsaminsa, abin da 'yan labo, wato ɗakin gwaje-gwaje, ke aunawa da pH, daga 0 zuwa 14, 7 ne tsakiya, ƙasa da haka tsami sama da haka kuma ɓangaren su kanwa da soda. Dalma da kadmiyom da tagulla sun fi liƙewa a tsakanin 5 da 6. In ruwan ya cika tsami, asid ɗin ne ke cinye guraben ƙarfen ya rasa wurin zama. Akwai 'yar takardar gwaji mai canza kala, a tambaya wajen masu sayar da kayan labo, ba ta da tsada kuma ita ce ta fi. In ba ka samu ba ruwan zoɓo mara sukari yana ba da haske, ka ɗiga kaɗan cikin ɗan ruwan da ka ɗebo a kofin roba, in ya tsaya ja jawur tsami ya yi yawa, in ya dusashe ya koma shuni-shuni ka matso kusa, in ya koma kore ka zarce. Ba zai ba ka lamba ba amma ya fi lalube cikin duhu.

Ruwan batir asid ne mai ƙarfi, kusan kashi ɗaya cikin uku nasa asid ne zalla, yana cin fata yana makantar da ido. Ka zuba ruwa mai yawa a tano tukuna sannan ka tsiyaya ruwan batir ɗin a kai a hankali, kar ka kuskura ka zuba ruwa a kan asid. Sai ka jiƙa kanwa ko ka tato ruwan toka ka riƙa zubawa kaɗan-kaɗan kana motsawa da sanda, a fili inda iska ke kaɗawa, zai yi ta kumfa yana tasowa, ka dakata ya lafa ka ƙara, har kumfar ta daina. Za ka ga ruwan ya yi fari-fari, ka bar shi ya kwana, da safe farar laka ta kwanta a ƙasa, to mafi yawan dalmar tana cikin wannan lakar. Gaskiyar magana kanwa ce ke yin babban aikin a nan, ɓawo yana zuwa ne ya tsince ragowar da ta ƙi kwanciya, kuma ragowar nan ma ta isa ta yi ɓarna shi ya sa ba a tsayawa a kanwa kaɗai. Ka tsiyaye ruwan sama a hankali ba tare da ka tada lakar ba. Masu rini su nasu akasin haka ne, ruwansu soda ta yi masa yawa, su ma su bar shi ya kwanta su tsiyaye, sannan su sassauta shi da binegar kaɗan-kaɗan a waje, don maganin rinin yana fitar da iska mai shaƙe maƙogwaro in ya ji tsami.

In ruwan naka bai wuce bido ɗaya ko biyu a yini ba, aikin bokiti ya ishe ka. Ka fara da giram 10 na garin ɓawo a kowace lita, wato giram 200 a bokitin lita 20, ka auna sau ɗaya a sikelin mai shago ka ga iya inda ya kawo a gwangwani shi kenan ka samu ma'auni. Ka zuba ka motsa sosai, ka riƙa dawowa kana motsawa duk bayan minti goma ko sha biyar don in ya kwanta a ƙasa ba ya haɗuwa da ruwan, mafi yawan kamun cikin awar farko yake faruwa, awa biyu ta wadatar. Kar ka bar ɗanyen ɓawo ya kwana biyu a ciki, zai fara tsami ya sake sakin abin da ya kama. Ka tace da ƙyalle mai kauri ninki biyu. Sai ka sake maimaitawa da sabon gari, don zubi biyu na giram 200 ya fi zubi ɗaya na giram 400 tsaftace ruwa, na biyun yana samun ruwan da ya riga ya yi sauƙi sai ya ƙwaƙule abin da ya rage.

Wanda ruwansa ke da yawa kuma sai ya gina matata. Bido mai lita 25 ko tano na roba, ka sa famfo a gindinsa, ka shimfiɗa tsakuwa wankakkiya kamar tsawon yatsa, yashi mai tsabta a kai kamar haka, sai ƙyalle, sannan ɓuntu ko ɓawon gyaɗa haɗe da gawayi mai kauri sosai, ka danna shi ya zauna daidai ba rami ba tudu, ka rufe da wani ƙyallen da 'yar tsakuwa don kar ya taso. Ruwa ya riƙa shiga ta sama a hankali, fita ma a hankali, ɗis-ɗis ko zirin da bai kai kaurin tsinken ashana biyu ba, in ka buɗe famfo yana zuba shaa to ruwan wucewa kawai ya yi bai gaisa da ɓawon ba. Kuma kar ka bar saman ya bushe ya tsage, ruwa zai samu hanya guda ya riƙa bi ya bar sauran. Dabarar da ta fi ita ce ka jera biyu, na farko a bisa na biyu a ƙasa, in lokacin canji ya yi ka kwashe na farko, na biyu ya hau matsayinsa, sabo ya zo ƙarshe, ta haka ko na farkon ya cika ba ka sani ba akwai mai tare masa.

Akwai waɗanda wannan hanyar ba ta yi musu yadda na faɗa. Kurom iri biyu ne, akwai mai sa ruwa shuɗi-kore na jimar zamani, shi yana bin ƙa'idar da ta gabata, akwai kuma mai sa ruwa ɗorawa ko ruwan lemu wanda ya fi guba nesa ba kusa ba har yana jawo ciwon daji, shi sai a ruwa mai tsami sosai wajen pH 2 ɓawo ke kama shi, don haka in shi ne kar ka sa kanwa da farko, ka nemi wanda ya karanci kimiyyar sinadarai ya tsaya maka. Majemar gargajiya irin ta Gamkalle da bagaruwa aka san ta, matsalar ruwanta daban ce. Arsenik, wata gubar da ita ma ke narkewa a ruwa, ɗanyen ɓawo ba ya kama shi da kyau. Zaiba kuma babbar ɓarnarta a hayaƙi take lokacin da ake ƙona ta don fitar da zinariya, matata ba ta maganin wannan. Sai gargaɗi ga 'yan uwa masu zuwa wuraren zinariya irin su Komabangu, duk ruwan da aka yi aikin siyanur da shi, wato gubar nan da ake tsamo zinariya da ita, kar a kuskura a zuba masa asid ko binegar ko wani abu mai tsami, iskar da zai fitar tana kashe mutum nan take.

Ruwan da ya fito daga matatar nan ba na sha ba ne, ba na girki ba, ba na alwala ba, ba kuma na shayar da dabba ba, ko ya yi garau kamar na famfo. An rage masa guba ne don a sake aikin shago da shi ko a zubar da shi da sauƙin illa. Hanya ɗaya ce ta sanin ko ya yi, ita ce labo. Ku haɗu ku biyar ko goma masu sana'a ɗaya ku yi karo-karo, ku ɗebi ruwa a gorar roba mai tsabta kafin tacewa da bayan tacewa, ku rubuta rana a jiki, ku je ku tambaya a LANSPEX, labon gwamnati na lafiyar jama'a, ko sashen kimiyyar sinadarai na Jami'ar Abdu Mumuni yadda ake auna dalma da sauransu. In kuka auna na ranar farko da na bayan mako da na bayan mako biyu za ku gane kwana nawa matatarku ke yi kafin ta cika, daga nan kun samu lissafin da za ku riƙa bi. Kafin a samu wannan gara a riƙa canzawa da wuri, ɓawo ba kuɗi ne da shi ba.

Masu garka na san ba za ku iya tace ruwan fili guda da bokiti ba. Abin da ke hannunku shi ne ku haƙa rami biyu, ruwa ya kwana a na farko laka ta kwanta don ƙarfe da yawa a jikin laka yake tafiya, ya ratsa ta buhunan gawayi da ɓuntu kafin ya shiga na biyu inda kuke ɗiba. Kuma ku sani ganye irin su salati da alayyafo sun fi tumatir da tattasai tara kadmiyom, in kuna shakkar ruwan wani gefe to can za ku kai masu 'ya'ya, ganyen ku matsar da shi inda ruwa ya fi kyau.

Saura abin da ya fi damuna, wato ina za a kai ɓawon da ya gama aiki da farar lakar nan. Gubar ba ta mutu ba, wuri kawai ta canza, yanzu ma ta fi taruwa. In ka watsar a bola awaki za su ci, mu sha nono mu ci nama. In ka zuba a taki ta koma gona. In aka hura wuta da gawayin aka dafa shayi ko aka gasa nama, hayaƙin da tokar duk guba ne, kuma wannan yana iya faruwa cikin sauƙi don yaro ko maƙwabciya za su ga gawayi a ajiye su ɗiba ba su sani ba, saboda haka tun ranar farko ka gaya wa mutanen gida da yaran shago, ka sa wa bidon jan fenti ka rufe shi. Ka shanya shi a cikin baho a inda iska ba ta kwasa kuma kaji da yara ba sa kaiwa, in ya sha iska ya rage ruwa ka kwaɓa shi da siminti da yashi, siminti ya fi yawa nesa, ɓawon kaɗan-kaɗan don in ya yi yawa ba ya kamawa, ka zuba a gwangwani ya daskare ya zama dunƙule. Siminti yana ɗaure ƙarfen ya hana ruwa wanke shi da sauri. Waɗannan dunƙulen ba na ginin ɗaki ba ne ko bakin rijiya, a tara su wuri guda busasshe mai tudu, nesa da rijiya da hanyar ruwan damina, kuma in kuna da ƙungiya ku je ma'aikatar magajin gari da ta muhalli ku nemi a nuna muku inda za a riƙa kai su. Safar hannu da sandar motsawa da ƙyallen tacewa su zauna a shago, kayan aikin ma a canza su kafin a tafi gida, a wanke hannu da sabulu kafin a ci abinci ko a ɗauki yaro.